Inda Allo Ya Haɗu da Allo

Allunan jifsom goma sha huɗu
Sabi'u ya sauke daga a-kori-kura,
kayan Ƙofar Ruwa, ɗaya ya gutsure a kusurwa.
Ya ce ba shi ba ne, ramin titin Kabuga ne.
Na ce to.
Kafinta ya ɗaure su, ya karɓi nasa, ya yi gaba.
Abin da ya bari shi ne rabona:
'yar tsaga tsakanin allo da allo,
da kawunan ƙusa kamar zanen zanzana a fuskar bango.

Na kwaɓa filla a tsohon bokitin fenti,
ba tsararo irin na koko ba,
ba taurin tuwon da ya kwana ba,
kaurin kindirmo,
wanda in ka ɗaga wuƙa
sai ya yi shawara kafin ya faɗo.

Shafin fari, a cika wa tsaga baki.
Sai tef na takarda, a kwantar da shi kan danshi,
a bi shi da wuƙa a kori iska,
don iskar da ka bari yau
gobe kumburi ce, jibi kuma magana.

Ubana magini ne a Yakasai, yaɓe yake da tafin hannu.
Har yau akwai katangar da in ka wuce
za ka ga sawun yatsunsa huɗu a jere,
tsofaffi su ce, hannun Ɗan'azumi ke nan.
Ni kuwa ana biyana ne don in ɓace.
Ranar da aka gane inda hannuna ya bi,
ranar na ɓata aiki.

Shafi na biyu ya fi na farko faɗi,
na uku siririn ɓawon albasa.
Tsakaninsu jira.
Hajiya ta aiko direba har sau biyu,
wai Asabar za a tare.
Na ce ya gaya mata bango bai bushe ba,
kuma filla ba ta san Asabar ba.

Sai guga.
Nafi'u ya ɗaure hanci da tsohuwar singileti,
sanfefa na cin bango, bango na shiga mana ƙirji.
Da magariba na kashe ƙwai,
na kwantar da tocila a gefen bango.
Hasken gefe ba ya rufa wa kowa asiri:
tudun da bai kai gashi ba
sai ya yi inuwa kamar Dala.
Na bi, na shafe, na sake dubawa.
Sumul.

Juma'a da hantsi mai wayar lantarki ya iso,
yana ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa
kamar mai zaɓen kankana.
Ya manta inda ya binne akwatin soket.
Ya sa zarto. Babu.
Ya matsa taki ɗaya, ya sake sawa. Babu.
A rami na uku ya same shi, har da dariya:
"Haƙuri, Oga Tasi'u, ai toshewa ce kawai."

Kawai.
Ban tanka ba.
Na ce wa Nafi'u ya ɗebo ruwa,
ya duba ko da sauran tef.

Asabar ɗin ba a tare ba. Sai Laraba.
Hajiya ta tsaya a falo, ta shafa da tafin hannu,
ta ce, "Wai a ina ne ma aka fasa?"
Na duba. Wallahi sai da na ƙirga taki daga taga
kafin na nuna mata, kuma ban tabbata ba.
Ta ce mai fentin nan ya iya aiki.

Na hau Adaidaita zuwa Ɗorayi, fari fat har gira.
Rumasa'u ta tare ni a soro,
tana kakkaɓe mini kai:
"Baba ya tsufa, Baba ya tsufa!"
Na shiga wanka da buta biyu.
Ruwa ya tafi da farin da zai tafi,
ya bar mini sauran a gemu.