Saiwar da Ta Ƙi Nutsewa

A Tamburawa na same ta,
ƙarƙashin gada, inda masu yashi ke loda tifa.
Saiwar ƙirya ce, ruwa ya suɗe ta fes,
ta murɗe kamar yatsun tsohon maƙeri.
Yaron ya ce ɗari biyar. Na miƙa masa.
Ya bi ni da kallo har na hau titi:
wa ke sayen itacen da ba zai hura wuta da shi ba?

Na ɗaure ta a bayan babur har Gwammaja.
Zinatu ta tare ni tun daga soro:
"Baba, saka ta yanzu, kifayen su gani!"
Na ce a'a.
Baƙon da ya shekara yana kwana a kogi
ba a shigar da shi ɗaka da ƙafar hanya.
Mun san abin da ta sha?
Ruwan kamfanin fata, baƙin mai, dattin gari,
ƙwan ƙwari a cikin tsaga.
Kifin gilashi ba tarwaɗa ba ne,
ɗigo ɗaya ya isa ya juya cikinsa sama.

Sai buroshi da ruwa zalla.
Ban da omo, ban da sabulu,
abin da ke fidda dauɗar riga shi ke kashe kifi.
Na kankare sauran ɓawo da wuƙa,
duk inda farce ya lotsa na ƙwaƙule.

Tukunyar biki muka aro wurin Iya Talle,
mai cin mudu goma na shinkafa.
Ta leƙo ta katanga, ta ga abin da ke tafasa.
"Malam Tasi'u, itace a ƙasa, itace a sama,
wanne ne girkin?"

Awa uku a kan wuta.
Ruwan ya zama shayi ba madara,
ya zama ruwan bagaruwar majema.
Na zubar, na sake ɗorawa.
Itace ma yana da abin da ya haɗiye
wanda ba ya fita sai da zafi.

Daga nan sai baho.
Na danna ta, ta taso.
Na sake dannawa, ta taso tana juya min baya.
Na ɗora mata dutsen niƙa,
da safe na tarar ta zame, tana lilo a sama.
Jarka biyu kullum daga ɗan garuwa.
Mardiyya ta ce, "Mu da muke tsimin ruwan wanki,
saiwa ce ke wanka da sassafe."
Zinatu na jan layi da gawayi a bango.
Wata rana farin yauƙi ya fito mata kamar audugar rimi,
na goge, ban ce komai ba.
A layi na goma sha shida yarinyar ta gaji, ta daina.
Ni ma na daina dannawa.

Ranar wata Laraba, na fito alwalar asuba,
ban ga komai a saman baho ba.
Tana can ƙasa, ita kaɗai, ba dutse,
ruwan garau, har ina ganin tsatsar gindin baho.

Muka kwantar da ita a kan tsakuwa,
cikin akwatin da na haɗa da ragowar gilashin tagogin mutane.
Da magariba aka ɗauke wuta, famfon iska ya yi shiru.
Zinatu ta haska fitilar waya.
Ɗan ƙaramin nan, mai yagaggiyar wutsiya,
wanda kullum manyan ke kora zuwa kusurwa,
ya zagaya ta sau biyu,
ya shige kogon da wuƙata ta bari.

Ta ce, "Baba, tana tuna kogi kuwa?"
Na auna akwatin da ido: taku biyu, ko bai kai ba.
Na ce, kashe fitilar, kar ki tashe shi.