Ƙafar da Barmo Ya Ƙera

Shagona taku huɗu ne,
na biyar sai ka taka kwata.
Taya a sama, kaca a ƙusa,
gam da faci a bisa kanta.
Nan na ce keken Baba zai zauna,
ba na sayarwa ba, ido dai ya huta.

Shekara talatin da biyu yana ɗauko
man gyaɗa daga Tibiri, jarka biyu a baya.
Matokarinsa ya karye tun ina goye,
daga ranar bai ƙara tsayuwa shi kaɗai ba:
ko gindin bedi, ko katangar masallaci,
ko cinyar mai shi, in ciniki ya yi tsawo.
Yanzu gwiwar ta ƙi.
Keke na zaure, kaji na kwana a sirdi.

Na fara da babbar kasuwa.
Wani yaro ya miƙo mini mai sheƙi,
ƙafa uku sirara kamar na balbela,
yana naɗewa ya shige jaka.
Jika huɗu. Na biya, na kafa, na koma gefe ina kallo.
Jar akuyar Tsahara ta zo wucewa,
ta sosa wuya sau ɗaya a feda.
Ƙararrawa ce ta fara isa ƙasa.

Aka ce in rataye shi a bango.
Baba ya ji, ya aiko ƙanena Ilu:
«Ka ce mishi ba naman layya ba ne.»
Bangon ma na haya ne,
ƙusa ɗaya, yashi mudu.

Sai na gangara Mokoyo wajen Barmo mai walda.
Na farko da ya yi mini, giwa ma sai ta jingina,
amma ya cinye rabin ƙofa,
ya kama zanen wata mai sayen bawul
har sai da na ba da haƙuri da canji.
Na mayar. Barmo bai ce uffan ba,
ya ɗage baƙin gilashi, ya dube ni,
ya ce, «Faɗi kake so, ko nauyi?
Turmi bai kai tabarma faɗi ba,
wa ka taɓa gani iska ta kayar?»

Ya tono wani faifan birki na tsohuwar tirela
daga ƙarƙashin tarkace,
tafin hannu biyu, ba ƙari.
Ya tsayar da ƙarfe biyu a kai, tsakaninsu yatsa uku,
daidai bakin tayar baya,
ya naɗe su da tsohon tub
don kada su ci fentin da ya rage.
Jika bakwai, ya ce. Muka tsaya shida da shayi.

Ran Juma'a bayan an sauko
Ilu ya kawo Baba a bayan babur.
Bai gaishe ni ba tukuna.
Ya sa sanda ya tura sirdi. Shiru.
Ya tura kai. Shiru.
Ya kama kariya da hannu biyu ya girgiza
yadda yake yi in zai ɗaura jarka.
Faifan ko gezau.

Ya daɗe tsaye.
Sannan ya ce, «Wanga abu,
duk zamanmu sai na riƙe shi ko ya riƙe ni.
Yau ga shi tsaye, babu ni.»
Ban san ko yabo ba ne.
Na jawo mishi benci.

Ya zauna dab da shi, har la'asar,
kuma ina lura:
gwiwarsa ta dama tana manne da ƙarfen,
ko da wani abu zai faru.

Akuyar ta dawo da yamma.
Ta sosa, ta sosa, ta gaji,
ta tafi neman ɓawon kankana.