Makullai Dubu Biyu

A Dang ruwa ya ɗauke, kwaɗi sun karɓe tafki,
ɗalibai sun watse, saura ni da kwamfuta,
fankarta na huci kamar mai tuƙa tuwon biki.
Na ɗura mata sinadarai dubu biyu da 'yan kai,
na sassaƙe, na saiwa, na ganye,
kowanne an zana shi da tsinke da ƙwallo.
Na ce, ga bairos, ga kwadon da yake buɗewa ya hayayyafa,
gwada makullan nan ɗaya-ɗaya,
ki nemo min wanda zai shiga ya karye a ciki.

Sunayen ba daga littafin Turawa na fara jin su ba.
A Garwa ne, rumfar Iya Tabawa, layin masu jiƙo,
ina 'yar shekara tara, ina rubuta mata bashi:
sabara, marke, hano, geza,
kalgo na masu jego, bagaruwa ta masu gyambo.
Ita da harshe take awo.
Ta ɓantari maɗaci, ta tauna, ta runtse ido ɗaya,
ta ce ɗaci shi ne shaida, Ladidi,
abin da bai ɓata miki fuska ba, ba zai ɓata wa cuta rai ba.

Daren farko lafiya.
Na biyu, ƙarfe uku saura, wuta ta tafi,
aikin awa talatin ya bi ta.
Ban yi kuka ba. Na ci ragowar gyaɗa a duhu,
na ji jirgin ƙasa can nesa yana neman Ngaundere,
na jira, na sake daga farko.

Ran Alhamis jerin ya fito.
Na nemi maɗaci a sama, babu.
Na gangara, na gangara, har yatsana ya gaji,
na same shi na ɗari shida da sha ɗaya,
tsugune kamar baƙon da ba a ba wa tabarma ba.
Na ɗaya kuwa, nonon kurciya.
Ciyawar nan ta gindin katanga
da Bappa Sali ke tugewa duk Asabar yana tsaki.

Malam Hamajoda ya sauke tabarau ya duba.
Ya ce, lamba ce mai kyau, amma lamba ce.
Ganin dutsen Ngaundere ba shiga gari ba ne.
Kwadon cikin allo ba ya zazzaɓi, ba shi da hanta,
bai san ƙoda ba, bai san mai ciki ba.
Sai an kai kwalba, sai an kai ɓera,
shekaru, in kuɗi sun zo, kafin a kai bakin mutum,
kuma tara cikin goma a hanya suke kwana.

Da magariba na kira Garwa.
Na faɗa mata, ina tauna kalmomi.
Shiru, sai kukan akuya a bayanta.
Ta ce, injin naki ya ɗanɗana?
Na ce a'a.
Ta ce, ya taɓa kwana da mai tari?
Na ce a'a, Iya.
Ta ce, to ki gaishe shi, yaro ne, zai koya.
Har zan kashe, ta ce, tsaya.
Nonon kurciyar nan, uwata na ba masu atini,
ni ce na raina shi don ba ya kawo ko dala.
In za ki ɗiba, kar ki ɗebi na bakin hanya,
ki shiga ciki, ki ɗiba kafin rana ta taɓa raɓa.

Na rubuta sunaye goma a takarda zuwa Yawunde.
Na sha ɗaya babu wanda ya tambaye ni,
na sa maɗaci, da fensir.

Gobe Asabar.
Dole in riga Bappa Sali isa gindin katanga,
ko da roƙonsa ne in yi, ya bar min layi ɗaya.