Ƙafa ta Biyar

Da gawayi ta fara, a bangon madafi,
a Bukuru, bayan kududdufin kuza.
Ta zana akuyar maƙwabta da ƙafa biyar.
Uwarta ta ɗaga muciya, sai ta dakata:
"Ke Kachollom, ta biyar ɗin fa?"
"Ta gudu ce, Mama. Ba ki ga sauri take ba?"

Shekara goma sha tara tana koyar da aji biyu,
alli ya cinye mata farce.
Littattafan da ake aikowa cikin kwali
cike suke da yaran da ba su san gwate ba,
ba su taɓa tsallake shingen ƙerana ba.
Sai ta sayi fenti da kuɗin adashe.
Da dare, fitila a kan buhun acca,
ta zana ƙadangaren da sanyin Jos ya ishe shi
har ya tafi Taminus neman suwaita.

Mai ɗab'i a titin Bauchi ya ce launi da tsada,
"Zaɓi biyu." Ta zaɓi ja da kore:
jan ƙasar ramin da ya ci mahaifinta,
koren kabejin Farin Gada.
Kwafi ɗari uku. Ta ɗora a ka,
makaranta makaranta, kamar mai tallan tumatir.
Wani hedimasta da dankali ya biya ta.

Littafi goma sha ɗaya ke nan.
Ba ta gina gida ba, rufin ma yoyo yake.
Amma a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gado,
akwai wasiƙun fensir, haruffa a karkace:
"Anti, ƙadangare ya samu suwaitar?"
Kowacce ta ba ta amsa,
kuma babu amsa biyu da suka zo ɗaya.

Jiya na kai mata magani.
Hannun nan yanzu rawa yake,
layi ba ya miƙewa, da'ira ba ta rufuwa.
Na ce, "Kaka, ki huta mana."
Ta dube ni ta saman tabarau
kamar na kasa lissafin aji biyu.
"Shekara arba'in zanen ruwan sama ya gagare ni,
hannuna ya cika natsuwa.
Yanzu duba."

Na duba. Watan Agusta ne a kan takarda,
yana zuba bisa duwatsun Shere.
Ga wata 'yar yarinya ba laima, baki buɗe,
ga akuya can gefe a guje.
Na ƙirga ƙafafun,
na mayar da maganin aljihu, na ja kujera.