Yatsu Uku

Wata uku aka ba ni a izinin man gyaɗa,
can bakin hanyar Ɗan Isa,
da hular kwano, da takalmin da ya fi ƙarfin ƙafata,
da takarda mai hatimi: mai zane ne, a bar shi ya duba.

Habsu mai sheƙe ɓawo ta auna ni sama da ƙasa:
"Kai ne wanda ake biya ya yi kallo?
Mu ma da mun sani."

Na zana tukunyar tururi, na zana bel yana gudu,
na zana ƙuli-ƙuli tuli har rufi.
Ba wanda ya ce ƙala.
Sai ran da na zana hannun Hankurau mai walda.
Yatsu uku gare shi a dama,
ni kuwa, don kara, na cika masa biyar.

Ya juya takardar, ya daɗe shiru.
"Wa ya ba ka izinin maido mini su?
Injin nan ya ci su ranar wata Laraba,
shekarar da gulbi ya shigo gari.
Shi bai ji kunya ba, sai kai?
Goge."

Na goge. Gurbin ya bar dauɗa a takarda.
Ya ce, "Yauwa. Haka wurin yake."

Daga ranar, in kuran ya ɗauke,
injuna suka yi tsit, kunne na ta ƙugi shi kaɗai,
sai mu zagaya bayan magaza inda matattun ƙarafa suke.
Tanimun ya san kowane da tarihinsa:
wannan haƙorin ya karye cikin azumi,
wannan sarƙar ta sa an yanke mana albashi.
Na ce mu ƙera gauraka.
Illa ya ce wuyan ya yi tsawo, iska za ta kayar.
Na yi gardama. Iska ta kayar.
Muka rage kamu ɗaya.

Ranar buɗewa darakta ya kawo allon tagulla,
sunana kaɗai a kai, har da kuskuren harafi.
Habsu ta tsoma yatsa a baƙin mai
ta dangwala a ƙirjin tsuntsun.
Sauran suka bi layi, kamar ranar biya.

Hankurau ne ƙarshe.
Ya tsoma hannun duka,
ya manna a ƙarƙashin fiffike.

Har yau rigata tana ƙanshin gyaɗa.
In na ɗauki fensir,
sai na ƙirga abin da ke gabana tukuna.