Gurbin da Babu a Takardata

Na zo Marwa da takarda mai gurbi talatin da biyu,
da biro uku, da tambaya guda:
ayyuka nawa rana ta haifa a garin nan?

A bakin Mayo Kaliyawo,
inda ruwa ya kwashe kayansa ya bar wa yashi gadi,
na tarar da Hamajoda a kan rufin kwano
yana goge farantan sola da hannun tsohuwar riga.
Dala ɗari a wuni, in maigida ya tuna.
Na rubuta: koren aiki, ɗaya.
Ya leƙo, ya ce, "Ɗayan nan ni ne?"
Na ce, kai ne.
Ya ce, "Ashe ina da aiki."

A hanyar Mora mata arba'in sun dasa dogonyaro,
kwangilar wata uku.
Na huɗun, awaki suka karɓi aikin.
A lissafina har gobe arba'in ne,
lamba ba ta san an sallame ta ba.

Sai Goggo Danejo mai gawayi,
baƙi har cikin zanen tafinta.
Bakuna tara ke ci daga buhun nan.
Ta ce, "Malamin boko, ni wane launi ce?"
Na juya shafi, na sāke juyawa.
Ta ce, "Bar wahala.
Ran da kuka gama ceton itace,
ku aiko a faɗa mini inda zan tsaya."

Ban gaya mata ba,
jakin babana ne ya kai ni aji ɗaya.
Kowane littafi da na taɓa buɗewa
wata ƙirya ce ta faɗi a dajin Mindif.
Yanzu ga ni ina auna inuwa
da ilmin da gatari ya biya.

Malamina a jami'a yana son jadawali mai tsabta,
layi ya miƙe, ya hau sama.
Ya zagaye sunan Goggo da jan biro:
wannan ta kauce wa sauran, cire ta.

Daren jiya wuta ta ɗauke a Domayo.
Fitilar sola ta riƙe ni har babi na biyar,
shayin kuwa a kan gawayinta ya tafasa.
Na ja layi da hannu a gefen takarda,
gurbi na talatin da uku.
Ban sa masa suna ba tukuna.
Yatsana dai ya bar masa baƙi.