Daga Tibiri Zuwa Gado na Huɗu

Daga Tibiri muka tashi, gari bai gama wayewa ba,
mu saba'in da ɗoriya, riguna iri ɗaya,
tawa ta kama ni a tumbi.
Mai shayin bakin tasha ya ɗaga ludayi:
"Malam, wa ya biyo ku?"
Na ce babu kowa.
Ƙarya na yi, Mantau. Kai ne.

Kai da ka ce ko kare ya taso mini
tsayawa zan yi in nemi sulhu,
yau ga ni, shekara hamsin ba ɗaya,
cikin takalmin ɗana,
ina auna kwalta da gwiwa.

Gero ya sunkuya dama da hagu, ya kusa yanka.
Alkawura na cikin littafi:
mahauta jaka biyu kowace kilomita,
ƴan kabu-kabu dala ɗari-ɗari,
wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta kwance bakin zane
ta zube dala goma, ta ce kar a rubuta,
Wanda ta ba ya iya lissafi.

A ta biyar ƙirjina ya koma zugazugi,
sai na tuna naka numfashin
a ɗakin nan mai gado shida, bayan likita,
inda ake kai waɗanda aka ce musu sai dai addu'a.
Ba a warkewa a can, kowa ya sani.
Amma Tsahara na juya mutum kafin baya ya yi gyambo,
tana ɗiga ruwa a leɓe da auduga,
ta san lokacin da ciwo ke dawowa,
takan riga shi zuwa.
Daren da kwalbar magani ta ƙare
na ga ka ciji matashi
don kar ka tada maƙwabcin gado.
Wannan daren ne ke bin sawuna.

A ta takwas na tsaya. Bari in faɗi gaskiya.
Na dafa gwiwa, na tofar da yawu mai ɗaci.
Wani yaro da jajayen awaki uku ya wuce ni,
ko sauri ba ya yi.
Da kana nan da ka faɗi don dariya,
kamar yadda kake yi a rumfarka ta Sabon Gari,
kan tulin rediyoyin da masu su suka fid da rai,
kana cewa kowace tana da sauran magana
in an san inda za a taɓa.

Na ɗaga ƙafa. Ta yarda. Ɗayar ma ta yarda.

Innarka ta sa maka Mantau
don ta manta ukun da ta rufe kafin kai.
To mu fa?
Wa za a haifa mana mu manta da kai?

Maradi ta taso da hayaniyarta,
amalanke, ƙahon mota, ƙamshin ƙosai,
yara na tafi, ba su san don me ba.
Na shigo na sittin da ɗaya.
Matarka ta miƙo mini ruwa a leda,
ba ta ce komai ba, ni ma haka.

Da la'asar Tsahara ta baje kuɗin kan tebur,
tana jiƙa yatsa tana ƙirga:
maganin wata uku,
katifa biyu,
man babur na zagayen waɗanda suka zaɓi gida.
Ta sake ƙirgawa. Bai ƙaru ba.
Ta ce badi sai ku ƙara nisa.

Na leƙa ciki, takalmi a hannu, diddige ya ɗuri ruwa.
Gado na huɗu, naka, wani dattijo ne a kai,
ƙaramar rediyonka na kusa da kunnensa.
Ya ce, "Wa ya ci tseren?"
Na ce ba ni ba.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
na ɗaga masa kai, yadda Tsahara ta koya mini.